Gorar Adda da Ɓerayen Roni

Asabar, 5 ga Janairu, 1974
Adda, Bafillatanar da ke kawo mana nono, ta bar mini ajiya. Za su bi shanu kudu sai damina. Gora guda ta irin gero, abin da fari ya rage musu ke nan. Ni baƙuwa ce a nan Roni, daga Zonkwa, ga 'yan gari, amma ni ta zaɓa. Na ji daɗi har na rasa abin cewa.

Laraba, 16 ga Janairu
Kashin ɓera a gindin gorar. Na ɗora ta kan turmi.

Lahadi, 20 ga Janairu
Da idona na ga ɓeran bayan mun dawo daga coci, daga ƙasa ya daka tsalle sai kan turmi. Maigidana Manasseh ya ce tsallen ɓera ba ya wuce gwiwar mutum. Malamin makaranta dai, komai ya sani. Na Roni ya wuce, in ji ni. Gora ta koma kan kabad.

Talata, 12 ga Fabrairu
Daga kujera zuwa tebur, daga tebur zuwa kabad. Ɗan banza. Na rataye ta a ragaya, can sama.

Juma'a, 8 ga Maris
Ya huda gorar. Ashe ta igiya ya sauko, ni ina ta gadin ƙasa. Kusan rabi ya tafi. Na zauna na yi kuka. Me za su shuka?

Asabar, 9 ga Maris
Maƙwabciyata Tasalla ta ji ni ta katanga. Ta juye sauran a tulu, ta zuba toka, ta liƙe bakin da laka. “Haba matar Malam, da wuri ai sai ki yi magana.” Da yamma ga matan unguwa, kowace da tafin hannu na irin gidanta, a wannan shekarar da ake auna tuwo. Wasu ko sunansu ban sani ba. Ban haɗa da na Adda ba, daban na ƙulle. Allah Ya saka musu.

Litinin, 27 ga Mayu
Adda ta dawo, ta rame. Na nuna mata gorar da hujinta. Ta daɗe tana leƙa tulun. “A rugarmu da ko ƙwaya ba za ta kai yau ba.” Ta ɗauki nata da rabin na unguwa, ta turo mini sauran. Wai in shuka a bayan gida. Ni da ban riƙe fartanya ba tun ina budurwa.

Alhamis, 20 ga Yuni
Geron ya tsiro, layin a karkace, Tasalla na ta yi mini dariya. Manasseh ya ce an samu gurbi a wata makaranta kusa da gida, can Zonkwa, abin da na daɗe ina damunsa da shi. Na ce ya dakata tukuna, wa zai yi mini noman farko? Ya tsaya yana kallona. Saboda geron ne kawai.