An Ba Matar Mai Gyaran Agogo Kwamfutar Aro

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Editocin Sa-kai,
Kundin Sani na Intanet,
Ɗakin Karatu, Hawa na Biyu.

Daga:
Kaka Mai Almakashi (sunana na shafi), tsohuwar tela.

Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Miƙa kwamfutar aro ga wadda ba ta cancanta ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan iyali suna lafiya, musamman uwargida da na ji an ce ƙafar ta sake tashi, ina gabatar da kukana kan hukuncin ranar 25 ga Mayu. A ranar ne kwamiti ya ɗauki kwamfutar nan guda ɗaya tilo da ake ara wa editan da ya fi ƙwazo, ya damƙa wa maƙwabciyata, matar mai gyaran agogo, wadda ta raɗa wa kanta Gimbiyar Alƙalami. Ba baƙin ciki nake yi ba, Allah ya sani. Gyara nake nema.

1. Ni na kawo ta wannan aiki. Ranar da ta fara zuwa, da yatsa ɗaya take caccakar madannai kamar mai kashe kiyashi. Ni na riƙe mata hannu har ta iya buɗe shafi.

2. An ce ta fi kowa yawan gyara. Ranka ya daɗe, a buɗe tarihin shafukan a gani. Ni sai na zauna na rubuta maƙala sukutum, kamar ta keken ɗinki, sannan in danna “wallafa” sau ɗaya, na'ura ta ƙirga mini ɗaya. Ita kuwa sai ta biyo bayana, ta sa kalma ta danna, ta cire kalmar ta danna, ta mayar da ita ta sake dannawa. Da haka lambarta ta kumbura. In dannawa ce ƙwazo, ai mai taɓa ƙararrawar ƙofa ma edita ne.

3. Ranar 3 ga Mayu ta goge mini sakin layi guda a maƙalar dutsen guga, inda na kawo misalin telan bakin layinmu da ya ƙona rigar surukarsa ya ce ɓera ne. Ta rubuta wai “babu madogara”. Madogarata matar telan ce da bakinta, kuma a ɗakin ita Gimbiyar aka ba da labarin. Ita ta fi kowa dariya, har shayi ya sarƙe ta.

4. Tun da ta karɓi kwamfutar take ajiye ta a kan tebur daidai taga, ta ɗage labule, ta sa tabarau wanda na san ba na likita ba ne. Mijin ma yanzu tafiyarsa ta canza.

5. Wannan shi ne babba. Tunda aikin ya koma ɗakinta, ta daina zuwa zaman editoci na Asabar a ɗakin karatu. Da tare muke tafiya, mu tsaya hutu a matakala saboda gwiwa, kafin mu kai sama mun gama da kowa a layin. Yanzu ni kaɗai nake hawa. Yaran nan da ke zuwa zaman, Allah ya yi musu albarka, in na fara labari sai su toshe kunne da waya. Maganganu sun taru mini a ciki har ba na jin daɗin abinci. In na leƙa gidanta, sai ta ce in ɗan jira, tana tsakiyar gyara. Ni!

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya sake lissafi bisa abin da mutum ya rubuta. In an duba an ga ni ce, a ba ni, zan karɓa ba tare da na ɗage labule ba. In kuma kwamiti na jin nauyin karɓewa ya ba ni, to kada a ba kowa. A kulle ta a kabad ɗin ɗakin karatu, mai so ya tako da ƙafarsa ranar Asabar. A kuma sanar da ita a rubuce, don in ni na faɗa za ta ce kewarta nake yi.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin shugaba.

Taka mai biyayya,
Kaka Mai Almakashi