Gadar da Ba Na Iya Faɗin Sunanta

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan Bagudo lafiya lau.

Yaya, irin abin da nake karantawa a littattafai ya same ni! Maigidana, Baban Ummi, ya tsamo yara biyu daga ambaliya a hanyar Illo, sai aka sa wa sabuwar gadar wurin sunansa.

Jiya na ci kwalliya zan je in gan ta. To, ina ni ina faɗin sunan maigida? Na ce wa ɗan kabu-kabu, "Kai ni gadar Baban Ummi."

Ya ce, "Amarya, wace Ummin?"

Na rufe fuska da mayafi har ya gaji ya ɗauki wata. Da ƙafa na je.

Ki taya ni addu'a kada ya sake wata bajintar kusa da kasuwa. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Safiya