Kuɗin Fatun Marigayi Mala Kyari

Zuwa ga Mai Girma Baturen da kotu ta ɗora a kan dukiyar kamfanin fata da ƙirgi na bayan Tashar Jirgi, Kano.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Bayan haka, ni ne Alhaji Bukar mai fata, Babarbare, haifaffen Fagge, mutumin nan da ya zauna a bencin ofishinka Litinin uku a jere. A ta ukun akawunka ya miƙo mini takarda mai layi huɗu, aka fassara mini cewa bashin da nake bin kamfani ya mutu. Na roƙi Edita ya buga wannan a jarida don mutanen unguwarmu su ji, saboda su ne nake kwana nake tashi a cikinsu.

Na farko, asalin kuɗin. Shekara takwas ke nan, ni da aminina Mala Kyari muka kai wa kamfani fatun awaki da ƙiraga, aka ɗora a sikeli, kuɗi ya tashi fam ɗari da arba'in, rabi nawa rabi nasa. A lokacin muna shirin tafiya Makka ta ƙasa. Manaja, wanda muke kira Mai Lofe, ya ce hanya da 'yan fashi, mu bar kuɗin a hannunsa mu tarar da jarinmu in mun dawo. Mista Okoro akawu ya rubuta rasit da sunana ni kaɗai, don ranar Kyari ya tafi sallama da surukansa. Na kai takardar wurin baduku ya ɗinke mini ita a fata, na rataya a wuya.

Na biyu, dalilin daɗewata. Ranka ya daɗe, wataƙila kai a jirgin ruwa ka zo, mako biyu ka sauka. Mu kuwa mota ta ajiye mu a Yerwa, daga nan sai abin da Allah ya hore: yau raƙumi, gobe jaki, jibi tafin ƙafa. Guzuri ya ƙare tun kafin garin Fashir, muka shiga tsinkar auduga a ƙasar Sudan, kaka bayan kaka. Har yanzu in na rufe ido ina ganin gonakin nan fari fat har ƙarshen gani, ruwa na tafiya a hankali cikin magudanai, balbelu na bin bayanmu. Da azahar mukan kishingiɗa a gindin wata bagaruwa, Kyari ya yi ta gina shago da baki. Ya ce zai yi shi a Fagge kusa da masu atamfa, ƙofa shuɗiya, da benci a waje don masu hira. Har fentin ƙofar mun yi gardama a kai, ni na ce kore. In jirgin ƙasa ya yi kuka daga nesa sai kowa ya ji kamar na Kano ne, har warin jimar fata nakan ji a hancina. Takardar nan tana ƙirjina, in na taɓa ta sai in ji kamar na taɓa ƙofar gidanmu.

Kyari bai ga Ka'aba ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a Sawakin, ana ganin teku daga inda yake kwance. Ya riƙe layar wuyana ya ce, “Bukar, saba'in ɗina na matata Falmata ne da yara.” Bai ƙara ba, ni ma ban bar shi ya ƙara ba.

Na uku, maganar da aka yi cewa shekara shida ta wuce ban nemi kuɗina ba. A nan nake so ka saurare ni da kyau, don na nema. Kowace shekara, in na sami alhazan da za su koma gida, sai in zauna gaban mai rubutun wasiƙa in aika wa kamfani gaisuwa. Na gai da Mai Lofe, na gai da uwargidansa, na gai da Mista Okoro da mai sikeli da 'yan dako, na tambayi yadda damina ta yi. Wasiƙa bakwai. Lauyanka ya duba su a fayil ya ce babu inda na ambaci kuɗi. To ai ba za a ambata ba. A wurinmu, wanda ka bar wa ajiya ba a ce masa ina kuɗina, sai ka ce ɓarawo ka ɗauke shi. Gaishe shi ake yi, shi kuma ya gane kana raye kuma ba ka manta ba. Sau ɗaya Mai Lofe ya ba ni amsa, ya ce ya gode, yana yi mini fatan alheri. Na yi murna har na yi sadaka da dabino, na ɗauka mun fahimci juna. Yanzu an ce mini da a ce ya rubuta adadin kuɗin a wannan amsa, da lissafin shekarun ya koma sabo. Wato ladabin da na yi shi ne ya cinye ni. Da na yi rashin kunya sau ɗaya tak, da yanzu ina cikin jerin waɗanda aka biya.

Na huɗu, sanarwa. An ce da kamfani ya karye an buga a jaridar Gwamnati da Turanci, an manna a ƙofar sito, an ba masu bin bashi wa'adi. Ban musa ba. Amma a lokacin ina Madina ina ɗinkin jakunkuna don in tara kuɗin dawowa, jaridar Gwamnati kuwa ba ta zuwa can. Da na sauka Kano, ko gida ban shiga ba na nufi bayan tasha. Na tarar da ƙofa a garƙame, awaki kwance a kan dandamalin sikeli, tantabaru na shiga suna fita ta inda kwano ya ɗaye. Na daɗe a tsaye, ina ganin kamar yanzu mai sikeli zai leƙo ya kira nauyi. Wani mai shayi ne ya tausaya mini ya ce in zauna.

Na bi sawun Mista Okoro har Sabon Gari, inda yake sayar da kayan keke yanzu. Yana ganina ya rungume ni, ya sa matarsa ta kawo ruwa. Ya ce shi ya san abin da wasiƙuna suke nufi, shekara ashirin yana cikinmu. Ya ce har gidanmu ya je da sanarwar, aka ce masa Alhaji yana Gabas, ba a san gari ba. Ya yarda zai rantse da Littafinsa a gaban kowace kotu cewa shi ya rubuta rasit ɗin, kuma ba a taɓa biya ba.

Na biyar, shi ne ainihin abin da ke damuna. Nawa saba'in ɗin na bar wa Allah. Amma rasit sunana ne a kai, ni na dawo da rawani, Kyari bai dawo ba. A majalisar ƙofar masallaci an fara yin shiru in na iso. Ya Falmata, matar marigayi, ba ta taɓa ce mini uffan a kan kuɗi ba. Ƙosai take soyawa tana ciyar da marayu huɗu. Sai dai duk Juma'a bayan an sauko, takan biyo ta ƙofar gidana ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gajiyar hanya, alhali na yi wata biyar da dawowa. Ranka ya daɗe, na san wannan gaisuwa. Irinta na aika wa kamfaninku shekara bakwai.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Ɗaya, in akwai abin da ya rage bayan rabo, ka kai maganata gaban alƙali a karɓi sheda ta Mista Okoro, a fitar wa marayu nasu. Biyu, nan gaba in kamfani ya karye, a sa sanƙira ya yi shela da Hausa a Fagge da kasuwa, a kuma aika ta hannun masu kula da alhazai. Uku, in duk wannan ba zai yiwu ba, ka ba ni takarda da sa hannunka da hatimi, cewa kuɗin nan sun shiga kamfani kuma ba su fito ba. Zan kai wa liman ya karanta a bainar jama'a, sannan in sayar da ɗakin da na gada in biya Falmata daga aljihuna, a san biya na yi, ba mayar da abin da na ci ba. Dokarku ta yafe wa kamfani bayan shekara shida, ni kuwa Juma'a jibi ce.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama aikin nan lafiya, ya mai da kai ƙasarku ka tarar da duk abin da ka bari a hannun mutane yana nan yadda ka bar shi.

Wassalam.

Ni ne mai biyayya,
Alhaji Bukar mai fata,
Fagge, Kano.