Kifin Babanku Mai Gaɓa Uku

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da matarka da aiki. Na rubuto ne ban kira ba saboda Babanku. Ciwon bai taɓa kunnensa ba, ko a kicin na yi waya yana ji. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na koye shi.

Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai koma shagon kafinta ba, sai kujera da kallon bango. To, kwanan nan ya samu abin yi. Kifi yake sassaƙawa na katako, tsawon yatsa, irin wanda ake rataya wa ƙugiya a yaudari babban kifi. Ya ƙwace teburin falo. Ya danne katako da hannun mai ciwo, ya goga, ya shafa fenti, har duwatsun tsohuwar sarƙata ya yi musu idanu da su. Surutu ya dawo masa. Ya ce in ka zo hutu za ku je bakin ruwa ku gwada.

Ranar da aka kai shi gashi asibiti na ɗaga su zan share teburin, sai na ga kowanne a yanke gida uku, an haɗa da 'yar waya, yana lilo kamar haƙorin da zai fita. Na ce hannun nan ne ba ya iya ɗaurewa, mutumin da kujerunsa har yau ba sa motsi. Na ɗauko gam ɗin da nake liƙe kofi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na goge bakin tas don kada ya gani ransa ya ɓaci.

Washegari ya sa na cika masa baho. Ya ɗaura wa ɗaya zare ya ja a ruwan, ya ɗauki wani ya ja. Sai ya ce, "Hannun ya ƙi." Ya zuba komai a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Ya koma kujera, Auta, ya koma bango.

Ko gam ɗin ne bai isa ba? Ka gaya mini da wuri. Ka riƙa cin abinci.

Mahaifiyarka.

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, surukarki na gaishe ki. Na karanta wasiƙarki na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Mama, gam ɗinki ya isa har ya yi yawa. Lilon nan da kika gani shi ne aikin. Da gangan ake yanka kifin, a haɗa gaɓoɓin da zobban waya a bar su sako-sako, don in an ja shi a ruwa ya riƙa lanƙwasa kamar mai rai. Wanda ya sandare, ko kifi mai yunwa ba zai kalle shi ba. Barin wannan ɗan sararin daidai ya fi ɗaurewa wuya. In har suna lilo, hannun Baba ya yi abin da ni mai hannu biyu ban iya ba.

Yanzu yana ganin laifin hannunsa ne. Ni ba zan gaya masa ba, daga bakinki ya kamata ya ji. Faɗa zai yi, na sani. Amma ki zaɓa, faɗa ko bango.

Ina cin abinci. Allah ya ƙara girma.

Autanki.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarka ta kwana biyu a bakin zanina kafin na samu ƙarfin hali.

Na jawo kwalin na ajiye a gabansa, na ɗora gam ɗin a kai. Na ce, "Malam, ni na liƙe su."

Ya dube ni, ya dubi gam ɗin. Ya ce, "Ba fenti ne ya zubo ciki ba?"

Na ce a'a. Ashe ya ɗauka rawar hannu ce ta sa fenti ya malale cikin gaɓoɓin ya daskare.

Ya ce, "Kafin ki taɓa su, suna motsi?"

Na ce, "Kamar za su gudu."

"Duka?"

"Duka. Shi ya tsorata ni."

Na fara neman hanyar ƙofa. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na ce shi ke nan, ciwon ya dawo, ashe dariya ce. Ya ce tun da muka yi aure ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba, ko alamar gam babu, da ya sani da tuni ya ɗauke ni a shago. Daga baya faɗan ya zo, na sha shi.

Yanzu hukuncina shi ne riƙe filaya. Yana kankare gam da reza, ni ina riƙe waya yana murɗawa. In na matse sai ya ce, "Saki kaɗan, sarkin gyara." Uku sun tashi. Jiya na ga koren yana tafiya a baho yana kaɗa wutsiya, har na janye hannuna. Ɗaya ya ƙi gyaruwa, ya rataye shi a bakin ƙofar kicin, wai nawa ne.

Abin da ke damuna yanzu bakin ruwan ne. In akwai santsi fa? Ka riƙe shi ta hagu. Ga shi ya karɓi biro, wai zai ƙara da kansa.

Mahaifiyarka.

*

Auta, ina gaisuwa. Hannun yana nan. Ka taho da ƙananan ƙugiyoyi da waya marar tsatsa. Kujera uku za mu ɗauka, da Mamanka za mu je. Gam ɗin yana aljihuna.

Babanka.