Rumbun Inna da Alƙalan Kotun Duniya

Zuwa ga Barista, jagoran ƙungiyar da ta ziyarci Kucheri bayan harin 'yan bindiga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Sani, direba a tashar Gusau, ɗan tsohuwar da aka ƙone wa rumbu, aka kashe mata ɗan fari a gindinsa. A tsakar gidanmu ka tsaya ka ce kada a taɓa rumbun, shaida ne, alƙalan kotun duniya za su zo su gani. Inna ta riƙe maganar nan gam.

Da shiru ya yi yawa, na yi ta tambaya a Gusau. Ga abin da na samo.

Na ɗaya, ashe kotunan biyu ne. Guda mai alƙalai goma sha biyar ce, rigimar ƙasa da ƙasa kaɗai take saurare. Inna kuwa ba ƙasa ba ce.

Na biyu, ɗayar, mai hukunta manyan laifuffuka, ba a shigar mata da ƙara kamar kotun majistare. Kowa na iya aika bayani, amma ofishin mai gabatar da ƙara ke duba ko ya isa bincike, wasu alƙalai su ba shi izini, wasu daban su yi shari'ar. Ba ta tsoma baki sai kotunan gida sun kasa ko sun ƙi. Ko ɗan sanda ɗaya ba ta da shi. Wanda take nema sai wata ƙasa ta kamo mata.

Na uku, alƙalan a Turai suke zama. Ko za a zo, masu bincike ne, ba su ba.

Barista, ban ce yaudara ka yi ba. Amma saboda rashin rumbu, bara rabin geronmu a ƙauyen Kekun Waje ya zauna, gidan ƙanwata, sauran muka jibge a ɗaki, ɓera ya yi biki. Hadari na tasowa Inna za ta lulluɓe ƙonannen rumbun da tamfol, kullum ta share gindinsa saboda baƙin da take jira. Na yi mata bayani, ta nuna mini direba ba ya warware maganar lauya. Abin yana ci mini rai.

Roƙona biyu ne. In kun aika bayaninmu, ku sanar da mu inda ya tsaya. Sannan ka zo Kucheri, ka ɗauki hoton rumbun, ka gaya wa Inna da bakinka cewa za a iya rushe shi a gina sabo. Gero ya fara fitar da kai, kuma kai kaɗai za ta ji.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Sani, Damba, Gusau.