Fitilar Kwale-kwalen Baba Audu

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Yaya Maman Rahila da yara? Da fatan tarin nan ya saki Rahila. Nan Nasarawa lafiya lau, sai dai ɗakin ya yi mini girma tun tafiyarka.

Farar hula sun karɓi mulki, amma har yau masaƙa ba ta kira mu mu koma bakin aiki ba, shi ya sa na buɗe akwatin kayan wutar da ka bari. Baba Audu, mai fiton mutane a kogi, ya ce in sa wa kwale-kwalensa fitila. Na ce ban taɓa yi ba, ya ce in gwada.

Na ɗora batir a kan katako saboda ruwan da ke taruwa a ƙasa. Na zura waya cikin tiyo har goshin jirgin inda na ɗaura ƙwan fitilar, na sa fiyus yadda kake yi.

A da kai ke haɗa waya, ni ke tsayawa gaban ƙwan, ka tambaye ni ko ya kawo, ni kuma in ba ka amsa. Da na haɗa ta ƙarshe daga bayan jirgin, sai na ji bakina ya ce, "Ya kawo?" Baba Audu ya riga ya tafi cin abinci, ba kowa a gaɓar. Na taka har gaba na duba da kaina, na daɗe zaune a wurin.

Ku riƙa sa ni a addu'a. A gaishe mini da yara da mamansu.

Ya kawo, Yaya.

Ƙaninka,
Yohanna