Me zan sa in je gaban surukata?

Anti, don Allah ki taimake ni, ban ma san ta inda zan fara ba. Mijina ya rasu a lokacin sanyin da ya wuce. Mutane sai yaba haƙurina suke, ni kuwa ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai. In tashi, in kai 'yata makaranta, in wuce aiki. A ɗakin sanyi na wani babban kanti nake, ina jera kwalayen kifi da kaji, da safar hannu da hula har kunne. In dawo in dafa, in ci, ban san ko da gishiri ko babu ba.

A ƙasar sanyi aka haife ni. Shi kuwa daga ƙasar zafi ya zo, inda ya ce ko ruwa ake zubawa gumi kake yi. Kullum muna cewa baɗi za mu je, har Allah ya yi ikonsa. Yanzu mahaifiyarsa ta aiko tana son ganin jikarta. Ba ta taɓa ganina ba sai a hoto, shi ma ina sanye da wandon aiki. Ƙanwarsa ce ta tsegunta min wai tsohuwar ta daɗe tana kallo, ta ajiye wayar ba ta ce uffan ba.

Durowata babu komai sai kayan sanyi. Sai na je kanti na kwaso baƙaƙen dogayen riguna masu kauri, masu santsi kamar leda, tunda a nan baƙi ake sawa in an yi rashi. Na gwada ɗaya a ɗaki, kafin in cire bayana ya jiƙe sharkaf. Akwai kuma suwaitarsa, tun rasuwar ita ce a jikina, ban wanke ba, ban san yadda zan tafi ba ita ba.

Yarinyar nan ba ta da kowa ta wajen uba sai su. In suka dube ni suka ce ba irin wadda za ta riƙe musu jini ba ce, ita za ta yi asara. Ya kamata in ji tsoro, amma ko shi ba na ji sosai. Me zan sa?

Maman 'Yar Baba

*

'Yar'uwa, Allah ya ji ƙansa. Wannan shirun da zuciyarki ta yi ba laifi ba ne, kada ki matsa mata. In ya daɗe har ya hana ki barci ko ci, ki ga likita.

Yanzu maganar akwati. Baƙaƙen rigunan nan ki mayar da su. Niyyarki mai kyau ce, amma za su dafa ki da ranki, ƙurajen zafi su feso miki, kuma ba ko'ina baƙi ke nufin makoki ba. Ki nemi yadin auduga mara nauyi, ɗinki sakakke, dogo har idon sawu, mai hannu, wanda ba a hango jiki in kin tsaya a rana. Mayafi marar kauri, da takalmin da za ki zare a bakin ƙofa ba sai kin sunkuya ba. Yarinya ma haka. Kaɗan za ki ɗauka. Ki kira ƙanwarsa ki tambaye ta abin da matan gidan ke sawa, sauran ki bari ta kai ki wurin telansu.

Suwaita kuwa, ki sa abarki a jirgi, ai can akwai sanyi. Kafin ku sauka ki ninke ta a jakar hannu.

Ba zan ce miki ba za a kalli shigarki ba, za a kalla, kuma gidansu ne, suna da haƙƙin a girmama shi. Amma shirun tsohuwa kan hoto ba hukunci ba ne, ke ma ba ki san abin da ta gani ba. Matar da ɗanta ya rasu a inda ba ta iya zuwa ba ce ta aiko a kira ki.

In kun isa, ta miƙo miki zanenta, ki karɓa ko da bai yi miki kyau ba. Kada ki ɓuya a ɗaki kina fama da ɗaurin. Ki fito ki ce ba ki iya ba, ki tsaya ta ɗaura miki da hannunta, jikarta tana kallo.

Allah ya kai ku lafiya, ya raya marainiya.

Anti